Ruwan da Ba Ya Kumfa

Tun kafin zuwan famfo Bahaushe ya raba ruwa gida biyu, akwai ruwan daɗi, akwai ruwan zartsi. Idan aka gina rijiya, kafin a tambayi gaba nawa ta yi, sai an ɗanɗana an ji wane iri aka samu. Da famfo ya shigo birni sai aka bar wannan tambaya, domin a ganin jama'a duk abin da ya fito garau ta bakin ƙarfe ruwa ne kurum. Alhali kuwa a gidaje da yawa na birnin Sakkwato, daga rijiya ake tura ruwa zuwa tanki, daga tanki ya sauko famfon tsakar gida, yana tafe da halin ƙasar da ya ratso.

Ƙasar kuwa mai dutsen farar ƙasa ce, irin wanda masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara sarrafawa a shekarar 1967. Masana sun tabbatar da cewa teku ne ya taɓa kwanciya a wannan yanki miliyoyin shekaru da suka wuce, ya janye ya bar dutsen. Ruwan da ya jima a cikinsa yakan narkar da sinadaran kalsiyam da maganiziyam ya taho da su. Ido ba ya ganinsu, amma sabulu da tukunya sun san da zamansu.

Wata malamar firamare da aure ya kawo daga Zariya ta san da su ita ma, ko da yake ta daɗe ba ta san sunan abin da ke damunta ba. A gidan iyayenta, idan ta goga sabulu sau biyu a jikin riga, kumfa kan cika baho. A ɗakinta kuwa sai ta goga har hannunta ya gaji, abin da za ta gani shi ne wani farin dauɗa mai kama da kitsen da ya daskare, yana yawo a saman ruwa. Tun tana ƙarama aka koya mata cewa kumfa ita ce shaidar wanki, saboda haka sai ta yi ta ƙarawa. Sandar sabulun da aka saya don wata guda ba ta kaiwa mako biyu. Duk da haka fararen rigunan maigida suka soma dushewa, suna bushewa ƙandas kamar an sa musu sitati.

Wake ma ya ƙi ta. Takan ɗora shi da hantsi, azahar ta yi bai nuna ba, itace kuwa ya ƙare. Wata rana uwar mijinta ta leƙo madafa ta ce, "Ke ɗiyar nan, hala cin sabulun nan kike yi? Ga wake kuma kamar tsakuwa." Ita dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri Inna, zan gyara." Me za ta gyara kuwa? Nan ne abin ya yi ciwo, domin an soma yi mata kallon almubazzara wadda ba ta sami horon gida ba, kuma a zaman aure irin wannan suna ya fi asarar sabulu tsada. Tsohuwar ma ba mugunta ta yi ba. A kan wannan ruwa aka haife ta, ba ta san wani ba, dabarun zama da shi sun zame mata jiki har ba ta ɗauke su abin koyarwa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Da damina ta sauka, malamar ta tara baho a ƙarƙashin indararo, ta jefa riga ta goga sabulu sau ɗaya, sai ga kumfa har gwiwar hannu. Ta kira Inna ta gani. Ruwan sama bai ratsa dutse ba, shi ya sa babu abin da zai cinye sabulu kafin ya kai ga dauɗa. A ruwan famfo kuwa, sabulu sai ya gama haɗuwa da kalsiyam ya zama wannan farin abu, sa'an nan ragowarsa ya yi wanki. Shi dai kalsiyam ɗin ne kuma yake ƙara wa ƙwayar wake tauri.

Daga ranar tsohuwa ta saki baki. Ta nuna mata a jefa ɗan gutsuren kanwa a tukunyar wake tun farko. Ta ce ruwan wankin fararen kaya a tafasa shi a bar shi ya kwana, a tsiyaye na sama. Wannan ma yana da dalili, domin tafasawa tana sa wani kaso na sinadarin ya rabu da ruwa ya kwanta, shi ne farin ɓawon da ake gani a gindin butar shayi. Ɓawon kuwa ruwan lemon tsami ko na tsamiya yana narkar da shi. Malamar da kanta ta gano cewa omo ya fi sabulun sanda jure wannan ruwa.

Ta fuskar sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta lissafa irin wannan ruwa cikin masu cutarwa ba. Ta dai nuna cewa idan sinadarin ya haura kimanin miligiram 200 a lita guda, yakan taru a bututu da tukunya. Ma'aunin ruwan sha da Nijeriya ta fitar a 2007 ya tsaya a kan 150. Ɓarnarsa a aljihu take. A shekara ta biyu butar lantarkin da aka kawo wa malamar cikin kayan ɗaki ta ƙone, saboda ɓawo ya lulluɓe ƙarfen da ke ɗumama ruwa. Famfon banɗaki ya koma ɗiga, da mai gyara ya kwance shi sai ga bakinsa ya toshe da farin dutse, da ƙusa ya sassaƙe shi. Damina a Sakkwato ba ta cika wuce wata huɗu ba, saboda haka maigida ya sayi durom biyu aka jera a gindin indararo, ruwansu na wankin fararen kaya ne da dafa wake kawai, yakan kai su har cikin sanyin hunturu.