Muna da permi, amma za mu koma koyon tuƙi

Ranar Asabar mai zuwa mu huɗu daga gidan radiyonmu za mu shiga horon ƙwarewar tuƙi na kwana biyu, irinsa na farko a gare mu. Dukanmu muna da permi, kuma babu wanda bai shekara biyar yana jan mota ba. Tun da maganar ta fita ake mana tsiya. Wani ya ce Paris-Dakar za mu farfaɗo da ita, tunda rabonta da Afirka tun 2007. Wani ya ce kuɗi ne suka yi mana yawa.

To ba tsere za mu koyo ba. Oto-ekol ta koya mana kod, ta koya mana tada mota da canza giya da fakin. Ba ta taɓa sa mu taka birki iya ƙarfinmu muna cikin gudu ba. Ranar da yawancinmu za mu fara yin haka, ita ce ranar da jaki ko amalanke ko yaro ya faɗo mana tsakanin Gidan Rumji da Madawa. Mu da ke karanta sanarwar rasuwa a radiyo mun san sau nawa takardar ke cewa "sakamakon haɗarin mota". A fili mai faɗi, da malami a gefe, muke so mu fara jin yadda mota ke yi idan ta ƙwace.

Malamin ya aiko mana lissafin da ya hana mu sakat. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya gani, ƙafa ta bar totur ta kai birki, daƙiƙar nan ta tafi, ba a ma fara tsayawa ba. Kuma idan ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata sau huɗu take ninkuwa. Ku auna wannan da hanyar Yamai zuwa Maraɗi, sama da kilomita 600, inda kowa ke son ya iso kafin magariba.

Shirin da ya ce mu yi kusan duk a kan motar yake. Taya ce farko. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. 2317 na nufin sati na 23 na 2017. Motocinmu galibi tsofaffi ne da suka shigo ta Kwatano ko Lome, tayoyin ma na hannu muke saye, zane da kyau amma roba ta bushe, ga zafin kwaltar watan Afrilu. Ya ce a auna iska da safe tun taya na sanyi, a duba man birki domin yana tsotsar ruwa idan ya daɗe, kuma a kwashe komai daga cikin mota. Gorar ruwa guda ta isa ta gangara ƙarƙashin birki.

Sai mu kanmu. Ban da silifas, ban da babbar riga mai hannun da zai naɗe sitiyari, a yi barci sosai, a zo da ruwa. Kujera a matso da ita har wuyan hannu ya hau saman sitiyari kafaɗa na jingine. Hannu biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, abin da malaman Faransanci ke kira tara da kwata. Wannan kwanciyar ta samari, gwiwar hannu a taga, waya a kunne, ya ce mu bar ta gida.

Abin da ya fi tsaya mana shi ne zancen ABS. Tsofaffin direbobi sun koya mana a riƙa taka birki ana saki, kuma a motar zamaninsu suna da gaskiya. A mota mai ABS kuwa takawa ake da ƙarfi a riƙe, fedar na kakkarwa ƙarƙashin ƙafa, ana juya sitiyari. Kakkarwar nan ce ke tsorata mutum ya saki. Haka ma ido: inda ka kalla nan mota ke bi, don haka hanyar kaucewa ake kallo, a bar kallon jakin. Idan taya ta sauka gefen kwalta inda ruwa ya cinye, a saki totur, a rage gudu, sannan a hau a hankali. Fizgar sitiyari ce ke kifar da mota. Faɗi da sauƙi, wallahi. Ko ƙafa da hannu za su yarda, sai Asabar.

Yanzu gardama guda ta rage. Kuɗinmu taya biyu sababbi kawai suka iya saye. Malamin ya ce a baya za a sa su, domin idan bayan mota ya zame ya fi wuyar kamawa. Mai facinmu ya ce shekara ashirin yana aikin nan, gaba ake sawa. Mun sa su baya, shi kuma ya karɓi kuɗinsa yana girgiza kai.