Ankon da ya kore mana mai karatu

Jama'a, yau laifin kaina na zo faɗa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, ofis a rufe, yara sun cika gida da hayaniya, na buɗe wani ɗan zaure a WhatsApp ni da ƙawayena 9. Sharaɗinmu ɗaya ne: littafi guda a wata, Asabar ɗin ƙarshe mu tattauna. Da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam muka fara, don kusan kowa ta karanta shi a makaranta. Sai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda muka yi kwana uku muna musu a kan haƙurin Rabi da halin Alhaji Abdu.

Kun san mata in an haɗu. Kafin shekara hira ta faɗaɗa: wane layi ne a Kantin Kwari ake samun atamfa da sauƙi, wane tela ne ba ya saɓa alƙawarin ɗinkin sallah, ta ina za a bi a kauce wa cunkoson Ƙofar Nassarawa da yamma. Ranar da ruwa ya shiga Kwari a Agustan 2022, a zauren nan na fara ganin hotunan. Mun haura mutum 200, ni kuma kaina ya fara girma.

Bara da za mu yi taron cika shekara, ni da bakina na ce a fitar da anko. Na manta cewa tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ya isa ya hana mutum fita unguwa. Ni mai albashin gwamnati, ko ba yawa ina da tabbacin ƙarshen wata, sai na auna kowa da aljihuna.

Sati biyu bayan nan wata malamar firamare ta fice daga zauren, ba sallama. Ita ce wadda ba ta taɓa tsallake littafi ba, ita ke tuna mana shafin da muka tsaya. Na kira ta. Ta ce, "Anti, wallahi ba fushi na yi ba. Atamfar da ɗinkin sun kusa cinye rabin albashina, data ma sai na yi dabara. Gara in fita da mutuncina da a ɗauki hoto ni kaɗai ce bare."

Ban iya ce mata komai ba. Zauren da aka kafa don littafi ya kori mai karatu saboda turmin atamfa.

Yanzu mun soke anko. Ranar taro kowa ta zo da abin da ke cikin akwatinta, ko tsohon leshi ne. Wadda ta gama littafi ta miƙa wa ta kusa da unguwarsu. Tallan kaya ranar Alhamis kawai. Wasu sun ji haushi sun tafi, Allah ya raka taki gona.

Malamar ba ta dawo ba har yau. Duk wata ina aika mata littafin da muke kai, ita kuma ta turo min ra'ayinta ta murya, in saka a zauren da izininta.

Masu riƙe da zaurukan zumunci, na 'yan aji ne ko na unguwa, kafin ku yanke kuɗin anko ku tuna da wadda ba za ta yi magana ba. Allah ya sassauta mana wannan tsadar rayuwa.