Tsohon Direba da Lissafin Gudu

Shekara talatin ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna kafin ciwon baya ya sa shi ajiye makulli. Iliminsa na boko bai wuce aji huɗu na firamare ba. Duk da haka, a daren da 'yarsa ta zauna a kan tabarma tana bitar tambayoyin jarrabawar WAEC, shi ne ya fara gano inda ta kauce.

Tambayar ta ce wata mota ta yi tafiyar kilomita 120 da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? Yarinyar ta haɗa 60 da 40, ta raba biyu, ta rubuta 50.

"Uwata, sake dubawa," in ji shi, domin sunan mahaifiyarsa ta ci. "Ai dawowar ta fi cin lokaci. Wanda ya daɗe yana jan jiki ba zai tashi da rabi da rabi ba."

"Baba, haka ake neman matsakaici."

Sai da ta bi lissafin daki-daki ta ga gaskiyarsa. Zuwa ya ci awa biyu, dawowa ya ci awa uku. Kilomita 240 ke nan cikin awa biyar, wato 48 a awa.

Kuskuren nata yana da asali. A makarantu da dama akan zana wa ɗalibai alwatika mai haruffa uku, na nisa da gudu da lokaci, a ce su rufe wanda ake nema da yatsa, sauran biyun za su nuna ko ninkawa za a yi ko rabawa. Dabarar tana fitar da ɗalibi a tambaya mai sauƙi, amma tana ɓoye masa cewa gudu awo ne da aka gina daga awo biyu: nisa nawa aka ci a cikin kowace awa. Duk wanda ya riƙe wannan ma'anar zai nemi jimillar nisa da jimillar lokaci kafin ya raba.

Haka sauran awon da ke wannan babi suke. Wanda ya taɓa ɗaukar jarka ya san ta ruwa ta fi ta fetur nauyi ko da girmansu ɗaya, domin litar ruwa kilo ɗaya ce, litar fetur kuwa kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo. Nauyin da ke cikin kowace lita shi ke sa ruwa ya kwanta a ƙasan tanki, fetur ya hau samansa. Mai tallar da ta ɗora gammo kuma ba ta rage ko giram ɗaya daga kayanta ba. Ta faɗaɗa wurin da nauyin ke sauka ne, sai matsin da ke kan kowane yanki na kanta ya ragu. Tsohon direban ya san duk wannan a aikace, harshen takarda ne kawai bai da shi.

Da yarinyar ta kama bakin zaren, sai ta juya lissafin kan mahaifinta. Ta tambaye shi gudun da ya saba yi a zamaninsa. Ya yi murmushi ya ce idan hanya ta yi kyau ba ya sauka daga 120, alhali dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa motocin haya 90 a kan babban titi mai hannu biyu, motocin gida kuma 100.

Tsakanin Kano da Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Da gudun 100, ba tsayawa, tafiyar awa biyu da minti 18 ce. Da gudun 120 kuwa awa ɗaya da minti 55. Ribar duka minti 23 ce, kuma shingen bincike ɗaya ko cunkoson Zariya ya isa ya cinye ta. Farashin kuma ga shi: a gudun 120 mota tana shafe mita 33 a kowace daƙiƙa kafin ƙafa ta kai ga birki, sannan nisan da za ta ja bayan an taka birkin yana ƙaruwa da kashi 44 cikin ɗari, saboda wannan nisa yana bin gudu ne ninki a kan kansa.

Ya yi shiru na ɗan lokaci. A tashar da ya yi aiki akwai abokan sana'a da ya raka makabarta, kuma kusan kowannensu an shaide shi da iya tuƙi.

"Minti ashirin da uku," ya maimaita a hankali. Sannan ya ce ta kwafe masa lissafin a takarda da manyan lambobi, zai kai wa ƙanensa da ya gaji motar, wanda zai yi lodin Kaduna bayan sallar asuba.