Faifan da na goge a 2008

1/ Ɗazu ƙanwata ta ga wani faifai a durowata, ta ce "Yaya, wannan madubi ne?" Na yi dariya, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Bari in ba ku labarinsa. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawo.

2/ Ku 'yan Audiomack ba ku san wahala ba wallahi. Lokacinmu in kana son waƙa a mota, sai ka sayi faifai fanko, ka buɗe Nero a kwamfuta, ka jera waƙoƙi, ka danna, sannan ka kama addu'a kada a ɗauke wuta. "Bonin" muke cewa. Wuta na ɗaukewa a tsakiya, faifan ya tashi aiki.

3/ Faifan iri biyu ne. CD-R sau ɗaya ake rubuta masa, shi ke nan. CD-RW kuwa ana gogewa a sake ɗorawa. Dukansu 700MB, wato minti 80 in faifan sauti ka yi, waƙa goma sha wani abu. In MP3 ka zuba, ɗari ma ta shiga, sai dai tsofaffin rediyoyi ba sa karantawa.

4/ Jajiberin ƙaramar sallah, 2008. Abokina ya samu aron motar kawunsa, ni aka ɗora wa haɗa waƙoƙi. Ba ni da ko sisi. Na shiga ɗakin Yaya, na tarar da CD-RW a kan tebur, babu rubutun maka a jikinsa. Ban saka na ji abin da ke ciki ba. Wannan ne kawai laifina, kuma ya isa.

5/ Nero ya ba ni zaɓi: gogewar gaggawa ko cikakkiya. Na zaɓi ta gaggawa. Ko minti biyu ba a yi ba.

6/ Abin da ke ciki: muryar Babanmu. Shekarun da ya yi yana aiki a Jidda, kaset yake aikowa maimakon wasiƙa, yana gaida kowa da sunansa, har ni da nake goye. Kaset ɗin ya fara cinyewa, shi ne Yaya ya kwashe shi zuwa faifan, ya share na kwamfutar saboda wuri. Baba ya rasu 2005.

7/ Da Yaya ya gane, bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi. Tambaya ɗaya ya yi: "Ka ɗora wani abu a kai?" Ashe gogewar gaggawa jadawalin faifan kawai take sharewa, sautin yana nan kwance, mai gwaninta zai iya ƙoƙarin ceto shi. Amma ni na riga na cika minti 79 da waƙoƙin fim.

8/ Abin haushin, rediyon motar ma ƙin karanta shi ya yi. CD-RW ba ya mayar da hasken leza sosai kamar CD-R, tsofaffin na'urori ba sa ganinsa. Rediyon Kano muka sha har Tiga.

9/ Umma ta tambayi faifan sau biyu. Yaya ya ce mata ya karce. Har yau haka ta sani, kuma ba ta hawa nan.

10/ Ban taɓa sauraron waƙoƙin ba, ban kuma iya gogewa ba. Ƙanwata ta ce in ba ta ta rataya a ɗakinta. Na ce ta mayar inda ta ɗauko.