Hoto ya tsira, murya fa?

A ganina, abin da ya fi daraja a tsofaffin kaset ɗin bidiyo da ke jibge a gidajenmu na Matameye shi ne murya. Fuskar mamaci ana samunta a hoton bango. Amma yadda yake jan ƙira'a, da irin Hausar Damagaram da yake yi, da dariyarsa, waɗannan sai a kaset.

Ni malamin makaranta ne. Bara na kai kaset ɗin walimar saukar Alƙur'ani ta ƙanena wani shago a Zinder domin a juye shi a faifan DVD. Hoto ya fito tas, ga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ɗaga hannuwa yana addu'a. Sai dai ƙugi ya danne muryarsa, kuma can gaba baki na motsi magana na biyowa a baya. 'Yata ta ce, "Baba, me Kaka yake cewa?" Dole na koma aka sake aikin, ina zaune a wurin.

Ga abin da na fahimta. A kaset ɗin VHS, sautin asali yana kan wani siririn layi ne a gefen zare, kuma gefen ne ke fara lanƙwashewa. Wasu kaset ɗin suna da sauti na biyu, Hi-Fi, wanda ya fi tsabta, amma sai na'urar da ta san shi ke karanta shi, kuma sai an daidaita zaren da kyau. Ƙugi kan fito daga lalatacciyar waya ko matsalar wuta. In an ƙure ƙarfin sauti wajen ɗauka, murya ta fashe ke nan, babu gyara. In kuma an matsa wajen share hayaniya da kwamfuta, sai muryar dattijo ta koma kamar daga cikin gwangwani. Faifan DVD mai giga 4.7 awa biyu yake ɗauka da kyau. Mai cusa masa awa shida ya rage ingancin komai.

Lokaci ma ba ya jiranmu. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar IASA suka yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin wannan zare suna ƙarewa. A nan kuma ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga danshin damina mai kawo fumfuna.

Don haka iyaye, in kun kai kaset, kada ku karɓi faifai sai kun saurari farko da tsakiya da ƙarshe da abin sawa a kunne. Ku nemi a ba ku kwafin da ba a matse ba a kan memori, domin faifai ma yana karcewa. Kada ku jefar da kaset ɗin asali. Ku ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da lasifika saboda maganaɗisunta.

Mu malamai kuma, wasannin kwaikwayo da waƙoƙin ɗalibai na bukin ƙarshen shekara suna nan a cikin akwatuna. Darasin Hausa ne a shirye, in har an ceto sautinsu. Mu fito da su tun na'urar da za ta kunna su tana nan.