Ki Kai Yaranki Zariya Ranar Da Kowa Yake Lafiya

'Yar'uwa, yaushe rabonki da Zariya, kuma me ya kai ki? Idan ke 'yar Ikara ce, ko Maƙarfi, ko Kudan, kusan na san amsar. Ko dai dubiya kika je Shika, ko an tura ku ganin babban likita, ko kin raka yaro jarrabawa, ko kuma sayayyar kayan ɗakin amarya a kasuwar Sabon Gari. Mu shiga a gurguje, mu fito a gurguje, hankalinmu yana kan kada yamma ta yi mana a hanya.

Aikina jinya, kuma na sha ganin yadda fuskar uwa take sauyawa da zarar an ce mata "sai dai ku wuce Zariya." Yara suna lura da wannan. Akwai yaran da a ransu Zariya na nufin allura, layin karɓar kati da kwana a baranda. Alhali garin da muke ratsawa da damuwa yana cikin tsofaffin biranen ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma mu ma ƙarƙashin masarautarsa muke. Shawarata ita ce ki ware yini guda da babu mai ciwo a gidan, ki je Zariya a matsayin baƙuwa mai buɗe ido, ki tafi da yaranki.

Yaranmu sun san garuruwan Indiya ta fina-finan fassara. Suna ganin fadoji da ƙofofin gari suna cewa ina ma a kai su. Birnin Jaipur, wanda masu yawon buɗe ido ke tururuwa don ganin ganuwarsa da ƙofofinsa, a 1727 aka kafa shi. Birnin Zazzau ya girme shi nesa ba kusa ba. Bambancin kawai, su sun riƙe nasu suna gyarawa suna nuna wa duniya, mu kuma namu yana narkewa a hankali ba mu ko waiwaye shi.

Zariya ba gari ɗaya ba ce, garuruwa ne a jere, kuma kowane da zamaninsa. Idan kin sauka a Kwangila ko Sabon Gari, kina cikin garin da jirgin ƙasa ya haifa, bayan da layin dogo ya iso a farkon zamanin Turawa, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Ki haye kogin Kubanni ki shiga Tudun Wada, inda baƙi 'yan Arewa suka zauna. Sai kin wuce nan sannan za ki iso Ƙofar Doka, bakin tsohon birni. Ki sa mai keke ya bi a hankali, ki nuna wa yara yadda gine-gine ke sauyawa. Tafiyar 'yan mintuna ce, amma kamar ana komawa baya ne cikin shekaru.

A bakin ƙofa za ki fara ba su labarin ganuwa. Katanga ce ta jar ƙasa da ta kewaye birnin, mai tsawon kilomita fiye da goma, a da kuma ba a shiga sai ta ƙofa. Ki sa su haddace sunayen kamar waƙa: Ƙofar Doka, Ƙofar Kibo, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Galadima, Ƙofar Bai, Ƙofar Jatau. Kada ki sa rai da ganin katanga a tsaye ko'ina. A wurare da dama ruwan sama ya cinye ta, masu ɗibar ƙasa sun yashe ta, gidaje sun hau kanta. Abin da ya rage a wasu sassan tudu ne mai ciyawa, wanda in ba a gaya wa yaro ba zai ɗauka juji ne. Shi ya sa nake cewa kada a jinkirta. Abin da ɗanki zai gani bana, ba lallai ne nasa ɗan ya tarar da shi ba.

Ba a maganar ganuwa ba a ambaci Sarauniya Amina ba, 'yar Bakwa Turunku. Labarin baka ya ce duk inda ta yada zango sai ta kewaye wurin da katanga, har yau ana kiran irin waɗannan tsofaffin katangu ganuwar Amina. Ba tatsuniya ba ce kawai: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, tarihin sarakunan Kano kuma ya kawo cewa Sarkin Nupe ya aiko mata da goro 10,000. Ana kuma cewa sunan garin kansa na ƙanwarta ne, Zariya. Ki dubi 'yarki ki gaya mata wannan. Gari guda da sunan mace, ganuwarsa kuma da sunan wata macen.

Daga Ƙofar Doka hanya za ta kai ki har ƙofar fada. Ginin gaban fadar cike yake da zane mai launuka, irin wanda yara ke son tsayawa a gabansa a ɗauke su hoto. Ki fara gaida dogarai, ki faɗi daga inda kike da abin da ya kawo ki, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya, kuma ki tsaya inda aka ce ki tsaya. Nan ne wurin ba da labarin sarauta. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, Malam Musa ya zo da tuta ya karɓi birnin, Sarki Makau ya yi kudu da jama'arsa. Ɗan'uwan Makau, Abu Ja, shi ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Yaro ba zai manta ba idan ya ji cewa sunan Abuja daga gidan sarautar Zazzau ya fito. Tun daga jihadi gidaje huɗu ke sarautar: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020, sannan aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli.

Daura da fada babban masallacin Juma'a yake. A zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi da ƙasa da azara, babu siminti babu rodi, ya tayar da ginshiƙai da bakan gizo waɗanda masana gine-gine daga ƙasashen waje suka yi ta zuwa nazari. A shekarun 1970 aka kewaye shi da ginin zamani. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani ɓangarensa ya rufta, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan haka aka shiga aikin sabunta masallacin. Ko ba ki ga aikin Babban Gwani yadda ya bar shi ba, ki tsaya ki faɗa wa yara sunansa. Har yau akwai unguwar da ake kira Babban Gwani a cikin birni.

Daga nan ki sauka daga keke ki taka da ƙafa. Daɗin birni a lungu yake. Ki riƙa ɗaga kai: jefi-jefi za ki ga tsohon zaure mai zankwaye, bangonsa da zanen dagi da magina suka fitar da hannu. Za ki wuce masu ɗinkin hannu zaune a inuwa, babbar riga shimfiɗe a cinya, ana fitar da aska biyu ko aska takwas zare bayan zare. Mata da yawa a cikin gidajen birni da wannan sana'a da ɗinkin hula suke riƙe kansu. Ki bar yaro ya tambayi mai ɗinki kwana nawa riga ɗaya take ci. Amsar za ta koya masa haƙuri fiye da faɗan da kike masa kullum. A unguwanni irin su Kona da Juma za ki ji sautin karatu daga zauruka, domin tun kaka da kakanni almajiran ilimi ke zuwa can neman fiƙihu da nahawu.

Karatun boko ma Zariya ce gidansa. Makarantar Alhudahuda tun 1910 take. Kwalejin Barewa, wadda aka fara a Katsina a 1921, ta dawo Zariya a 1949, kuma ta yaye shugabannin ƙasa irin su Yakubu Gowon, Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, a nan kuma ya rubuta Magana Jari Ce. Idan kin bi ta Ƙofar Gayan za ki ga asibitin da ke ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba. Wannan karon ba shiga za ki yi ba. Ki nuna allon sunan kawai, ki ce wannan mace ce 'yar garin nan da ta sha ɗauri da duka a zamanin NEPU saboda neman 'yancin talaka da na mata, ta rasu a 2001.

In akwai sauran ƙarfi bayan azahar, ki zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko ki nufi Wusasa, gindin dutsen Kufena, inda tarihi ya ce mutanen Zazzau sun zauna kafin birnin yanzu. A can akwai tsohuwar majami'a da aka gina a 1929 da ƙasa, bisa salon ginin Hausa. Ko kuma ki wuce Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello da Sardauna ya kafa a 1962. Idan kina da ɗa ko 'ya a sakandare, Samaru nake ba ki shawara. Yarinyar da ta ga 'yanmata irinta rungume da littattafai suna nufar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ta ga ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunan Amina, za ta koma gida da wani buri a ranta.

Yanzu bari ma'aikaciyar jinya ta yi magana. Ki yi sammako, ki gama yawon ƙafa kafin rana ta take. Lokacin sanyi ya fi daɗin tafiya, amma ki rufe wa mai asma hanci saboda ƙura, ki ɗauko masa maganinsa. Watannin Maris da Afrilu zafi ya yi yawa ga ƙananan yara. Ki ɗauki ruwa isasshe daga gida, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti ko biyu ne, da sabulun wanke hannu. Abinci ki sayi mai zafi da aka sauke a gabanki, ki haƙura da yankakken kayan marmari da ya sha ƙuda. Kowane yaro ya sa takalmi mai rufi, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa masa a aljihu. Hawan Sallah abin kallo ne, amma cunkoson dawaki da jama'a bai dace da mai goyo ba. Zuwan farko ki zaɓi ranar da gari yake shiru. Ki kama hanyar gida da la'asar sakaliya, kada dare ya same ku a titi.

Batun kuɗi kuwa, kallon ganuwa da ƙofofi da lunguna ba a biyan ko sisi. Kuɗin mota ne da na keke da na abinci. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ke da maƙwabta ko 'yan adashinku, ku yi shatar mota ɗaya. Ki sanar da maigida tun da wuri, in ya samu sarari ya zo a tafi tare, ya fi armashi. Kada kuma ki je hannu rabbana idan kina da dangi a birni: ɗaurin rake ko mazarƙwailar Maƙarfi, tumatirin Ikara, ko inabin Kudan in lokacinsa ne.

Da kun dawo, ki sa kowane yaro ya faɗa wa kakarsa abu uku da ya gani. Za ki sha mamakin abin da tsohuwa za ta ƙara musu, wataƙila labarin zuwanta birni na farko tana amarya, wanda ke kanki ba ki taɓa ji ba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a je lafiya a dawo lafiya.