Kwanon Ɗan Fari

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidan da ta tashi, cikin birnin Katsina, mace mai kunya ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko da ya faɗi ya fasa goshi. "Kai" take ce mini, in ta matsu ta ce "wannan yaron". Ƙannena su ne masu suna da hawa cinya. Ni kuwa kwano gare ni, wani kwanon samira mai jan murfi. Duk ranar da na buɗe shi sai in tarar da abin da babu a na sauran yara: tsokar nama binne a ƙarƙashin tuwo, ko ƙanzon shinkafa da aka yayyafa wa mai da yaji. Ba ta taɓa cewa ita ta saka ba, ni ma ban taɓa yin godiya ba. A haka muka yi shekara ashirin muna hira.

Ba laifinta nake nema ba, domin da harshen da aka bar mata ta yi magana. Amma yaro yakan ɗauki darasin da ba a yi niyyar koya masa ba. Ni na ɗauki biyu: abin da ke cikin zuciya ba a faɗarsa, kuma inda magana ta kasa zuwa, abinci yana zuwa. Na tashi ana yaba mini da haƙuri da kawaici. "Wannan yaro akwai haɗiye fushi," in ji kakata. Babu wanda ya tambayi inda abin da nake haɗiyewa yake sauka.

A shekarar 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki tun daga Fabrairu har Oktoba, na dawo gida ina shekarar kusa da ta ƙarshe a fannin kimiyyar sinadaran jiki. A cikin wannan zaman ne ciwon sugan mahaifina ya tsananta. Wani ɗan rauni a ƙafa ya ƙi warkewa, ya zama gyambo, har aka yanke masa yatsu biyu. Mako bakwai na yi ina kwana kan tabarma a barandar asibiti. Da rana ni ne mai bin layin magani, mai amsa wa 'yan dubiya "da sauƙi", mai lallashin ƙanne. Ban yi kuka ba ko sau ɗaya, kuma an yaba.

Da dare kuwa, idan mahaifina ya samu barci, sai in sulale zuwa teburin mai shayi a bakin ƙofa. Indomie uku da ƙwai uku, burodi, shayi mai kauri da madara. Na riga na ci tuwon da aka aiko daga gida, saboda haka ba yunwa ce ke kai ni ba. Abin da nake nema shi ne wani shiru da yakan sauko mini a loma ta biyar ko ta shida, lokacin da warin maganin wanke rauni ke barin hancina, lissafin kuɗin gobe ya ja da baya. Shirun bai fi minti ashirin ba. Daga nan sai nauyin ciki da jin kunyar kai, sai in koma tabarma in kasa barci.

Abin mamaki, babu wanda ya ga alamar matsala. 'Yan dubiya cewa suke yi, "Kai da kake jinya, ka fi mu cika ido!" A wajenmu ƙiba shaidar hutu ce da wadata; wanda ya rame shi ake tambaya ko lafiya. Muna da 'yan mata masu sayen ƙwayoyin ƙara jiki gabanin biki, muna da magidanta masu shafa tumbi kamar takardar shaidar arziki. Mai baƙin cikin da ya rame yakan samu mai jajanta masa. Wanda baƙin ciki ya kumbura, barka ake yi masa.

Na san bayanin abin a takarda, har na taɓa cin maki da shi a jarrabawa. Idan damuwa ta daɗe, wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan yi ta sakin sinadarin kotisol, shi kuma yana ƙara kwaɗayin maiƙo da zaƙi, yana taimaka wa kitse taruwa a ciki. Rashin barci yana ɗaga garelin, sinadarin da ke kiran yunwa, yana rage leftin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da ajiya. Na zana wannan duka da jan biro da shuɗi. Sanin bai hana ni komawa teburin mai shayi ba.

Wadda ta fi kusa da gano ni ita ce Hilde Bruch, likitar ƙwaƙwalwa haifaffiyar Jamus da ta yi aiki a Amurka. A littafinta na 1973 ta yi bayanin cewa gane yunwa abu ne da yaro ke koya, kuma yaron da ake amsa kowane irin kukansa da abinci yana iya girma bai iya bambance yunwa da tsoro ko kaɗaici ba. Na karanta wannan na ajiye, na tuna jan murfi.

Sai kuma wani bincike da Angelina Sutin da abokan aikinta suka wallafa a 2011, daga bayanan mutum kusan 2,000 da aka bi rayuwarsu tsawon shekaru a Baltimo. Sun gano cewa halin da ya fi alaƙa da ƙiba shi ne saurin biye wa sha'awa: waɗanda suka fi kowa wannan hali sun ɗara waɗanda suka fi kowa kamewa da kimanin kilo 11. Da farko na yi musu. Ni da unguwa ta shaida da haƙuri? Daga baya na fahimci cewa haƙurin nawa na gaban mutane ne. Ban iya ce wa kowa a'a ba: in na shiga gidan gwaggo aka ce bismilla sai in ci, in na wuce gidan kawu in sake ci, don kada a ce na raina. Mutumin da bai iya ce wa mutane a'a ba, ashe bai koyi faɗa wa kansa ba.

A ƙarshen 2023, wajen gwajin lafiya na tafiya bautar ƙasa, na hau sikeli: kilo 96, a tsawon mita 1.68. Idan aka raba nauyin da tsawo sau tsawo, 34 ke fitowa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya daga 30 take kiran abin ƙiba mai haɗari. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaya, ba tare da ta ɗago kai ba, ko akwai mai ciwon suga a gidanmu. Ƙafar mahaifina ce ta faɗo mini a rai, da farin bandeji, da gurbin yatsu biyu.

Na fara da horon kai, domin shi na iya. Na haramta wa kaina burodi da mai da suga, in yi kwana huɗu, ranar ta biyar wani ya ɓata mini rai in cinye na mako guda. Tun a 1975 Peter Herman da Deborah Mack suka nuna haka a gwaji: masu takura wa kansu a kan abinci, da zarar an sa sun karya dokarsu da kofin madara mai zaƙi, sai su fi shan askirim fiye da in ba su karya ba. Azumi ma ya tona mini asiri. Ina iya wuni ban sa komai a baki ba, ban ji wahala ba. Ba yunwa nake kasa jurewa ba.

Abin da ya ɗan yi aiki ƙarami ne, har ina jin nauyin faɗarsa. Kafin in buɗe kwano da dare, nakan rubuta a ɗan littafi abin da ya faru da kuma wanda na so in yi wa magana na fasa. Wani lokaci in kira mutumin. Wani lokaci in rufe littafin in ci abincin duk da haka. Yanzu kilo 88 nake, kuma wata uku ke nan sikelin bai motsa ba.

Da na je gida hutun Sallah, na samu mahaifiyata a bakin murhu, na durƙusa daga gefe. Na ce, "Umma, likita ya ce in ban rage ba, ciwon Baba zai same ni." Na ƙara da cewa, "A asibitin nan na ji tsoro ƙwarai." Ba ta kalle ni ba, ta ci gaba da gyara itace a wuta, har na tashi.

Da magariba aka kawo kwanon. Tuwon malmala ɗaya ne maimakon biyu, amma naman yana nan a binne. Ita da kullum take aiko ƙanwata da shi, ranar da kanta ta kawo. Ta ajiye, ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna nesa kaɗan, ta juya mini gefe tana tsince wake a faifai. Tana nan zaune har na wanke hannu.